Ƙanena maki 6 yake ci, abokin wasansa 24: in mayar da shi makaranta ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Koci. Ina da ƙane ɗan shekara 20, dogo ne sosai, yana buga wa wata ƙungiyar ƙwallon kwando da ke rukunin Savannah a gasar Firimiya ta ƙasa. Tun rasuwar mahaifinmu ni nake riƙe da shi, ni ne ma na lallashi Hajiyarmu har ta yarda ya bi wannan hanya. A wasansu na baya-bayan nan maki 6 kawai ya ci, wani abokin wasansa ya ci 24, kuma kusan kullum haka abin yake. Wani mutum da ya ce shi dillalin 'yan wasa ne ya same ni, ya ce ƙungiyoyin waje maki kawai suke dubawa, wanda bai kai 15 a kowane wasa ba ko takardarsa ba a buɗewa. Ya ce yaron ya daina miƙa wa kowa ƙwallo, ya riƙa jefa abinsa, sannan in na kawo kuɗi zai gyara masa alƙaluma ya haɗa bidiyo ya tura waje. Yaron ya shiga damuwa, abinci ma sai an matsa masa. Koci, gaskiya ne? In babu gaba a abin nan, gara in sani tun yanzu in mayar da shi makaranta.

Wani mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, kai kuma Ya saka maka da alheri kan riƙon ɗan'uwanka da kake yi. Malam, zan fara da abin da ba ya jira. Kada ka ba mutumin nan ko sisin kwabo, kuma ka ja wa yaron kunne kada ya kuskura ya sauya wasansa saboda maganar wanda ba kocinsa ba. Sauran bayanin ka karanta shi a natse.

Lambobi biyun da ka turo, 6 da 24, ba su ishe ni in ce wane ya fi wane ba, kuma ba su ishi kowa ba. Daga gurbi ɗaya suka fito, takardar ƙididdigar wasa kuwa gurabenta sun haura goma sha biyar. Mai 24 ɗin jifa nawa ya yi kafin ya tara su? Sau nawa ya je layin fawul? Ɓari nawa ya yi, wato sau nawa ƙwallo ta kuɓuce masa ta koma hannun abokan hamayya? Minti nawa kowannensu ya yi a fili? Wa ƙanen naka yake tsarewa, shi kuma wancan nawa ya ci ranar? Duk wanda ya yanke maka hukunci bai tambayi waɗannan ba, shaci-faɗi ya yi, ko kuma aljihunka yake haƙo.

Ga wasanni biyu na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da aka yi cikin shekara guda, 2016. Ranar 13 ga Afrilu Kobe Bryant ya buga wasansa na bankwana, Lakers da Utah Jazz, ya ci maki 60. Ranar 5 ga Disamba Klay Thompson na Golden State ya ci 60 a kan Indiana Pacers. A gurbin maki babu wani bambanci, har a layin fawul kowannensu guda 10 ya zura. Amma Kobe jifa 50 ya yi cikin minti 42, guda 22 suka shiga, 28 suka ƙi. Klay jifa 33 ya yi cikin minti 29, guda 21 suka shiga, zango na huɗu ma a benci ya kalle shi. Tsakaninsu akwai jifa 17.

Jifa 17 ɗin nan su ne duk maganar. A ƙwallon kwando hari karɓa-karɓa ake yi, ku kai naku su kawo nasu, shi ya sa a ƙarshen wasa za ka tarar ƙungiyoyin biyu sun samu hari kusan daidai. A NBA ta yanzu kowane ɓangare yakan samu kusan 100 cikin minti 48. Ba a ƙara wa kowa, ba a ranto na gobe. Duk jifan da ya ƙi shiga, in ba wani naku ya kamo ribaun ba, wato ya cafe ƙwallon da ta ƙi shiga ta dawo, hari ɗaya ya tafi ke nan, kuma an hana mutum huɗu damar gwada nasu. Maki ciniki ne, jifa kuma uwar kuɗi. Ɗan kasuwar da ya dawo gida yana murnar ya yi cinikin dubu ɗari, in bai faɗa maka nawa ya saro kayan ba, ba ka san ko riba ya ci ko jarinsa yake ci ba.

Akwai lissafin da muke yi domin auna wannan, a shafukan ƙididdiga za ka gan shi an rubuta TS%. Da wayarka ma za ka iya. Ka ɗauki yawan jifan layin fawul da ɗan wasa ya yi ka ninka da 0.44, ka haɗa da yawan jifansa na fili, abin da ya fito ka ninka sau biyu, sai ka raba makinsa da wannan adadi. An sa 0.44 maimakon rabi ne saboda ba kowane jifan layi ne yake cin rabin hari ba, akwai na ƙari bayan ƙwallo ta riga ta shiga, akwai na fawul ɗin rashin ɗa'a. Kobe ya je layi sau 12, lissafinsa ya ba da kashi 54 cikin ɗari, wato kusan matsakaicin gasar a waccan kakar. Klay ya je sau 11, nasa ya ba da kashi 79. Ba ina rage wa Kobe daraja ba ne, wane ni. Yana da shekara 37, Lakers wasa 17 kawai suka ci a duk kakar, babu abin da suke nema, abokan wasansa da gangan suke tura masa ƙwallo, kuma shi ya ciyo musu wasan a mintocin ƙarshe. Daren biki ne. Amma kocin da ya ɗauki takardar wannan dare ya ce wa yara haka ake yi kullum, ya cuce su.

Ko kashin jifa da aka saba rubutawa yana ruɗar mutane, don bai raba na maki biyu da na uku ba. Wanda ya zura 6 cikin 10 a ƙarƙashin kwando maki 12 ya ci. Wanda ya zura 4 cikin 10 daga bayan layin uku shi ma 12 ya ci. A takarda ɗaya yana da kashi 60, ɗaya 40, alhali aiki ɗaya suka yi. Da wannan D'Tigers, ƙungiyar maza ta Najeriya, suka doke Amurka 90 da 87 a wasan share fage na Las Vegas ranar 10 ga Yulin 2021, da Kevin Durant a fili. Jifan uku guda 20 suka zura, maki 60 ke nan cikin 90.

Sai kuma lokacin da makin ya zo. Ranar 24 ga Maris 2017 Devin Booker na Phoenix Suns, yana ɗan shekara 20 kamar ƙanenka, ya ci maki 70 a gidan Boston Celtics. Jifansa ma bai yi laifi ba, 21 cikin 40 a fili, 24 cikin 26 a layi. Amma Suns ɗin an cinye su 130 da 120. Maki 51 daga cikin 70 ɗin bayan hutun rabin lokaci suka zo, Boston ta riga ta yi nisa, kuma a mintocin ƙarshe Suns da gangan suke yin fawul su karɓo ƙwallo domin yaron ya ƙara. Takarda ba ta rubuta wannan. Maki 10 da aka ci ana kunnen doki saura minti uku, da maki 10 da aka ci bayan abokan hamayya sun fitar da manyansu, gurbi ɗaya ake zuba su.

Wannan gardama ba yau aka fara ta ba. A kakar 1961 zuwa 1962 Wilt Chamberlain ya riƙa cin matsakaicin maki 50.4 a kowane wasa, a kakar ne ma ya ci 100 cif a kan New York Knicks, ranar 2 ga Maris 1962, da jifa 63 a fili. A wancan zamani 'yan wasan ne da kansu suke zaɓen gwarzon shekara. Waɗanda suka sha gumurzu da shi a fili suka tsallake shi, suka zaɓi Bill Russell na Boston, mai matsakaicin maki 18.9. Boston ce ta fitar da ƙungiyar Wilt a wasannin neman kofi, ita ce kuma ta ɗauki kofin. Abin da Russell ya fi ƙwarewa a kai, wato kare kwando da doke jifan mutane, ko ƙirga shi ba a yi a lokacin. Sai a kakar 1973 zuwa 1974 NBA ta fara rubuta bulok, wato doke jifa, da ƙwace. Mutumin ya yi ritaya da kofi 11 ba tare da an rubuta masa bulok ko ɗaya ba.

To yanzu bari in zo inda yake ci mini tuwo a ƙwarya, don babu makon da ba na cin karo da shi. Ka san daga ina wannan cutar ta maki-kawai ta samo mu? Daga teburin da ke gefen fili. Takardar hukuma da magatakardan wasa yake cikawa abu uku take riƙewa: wa ya ci maki, wa ya yi fawul, wace ƙungiya ta nemi hutu. Shi ke nan. Jifan da ya ƙi shiga ba ya ciki, ribaun ba ya ciki, asis, wato miƙa ƙwallon da aka ci maki da ita, da ɓari da bulok duk ba sa ciki. Waɗannan aikin wasu mutane ne daban, masu zama da kwamfuta da manhaja irin LiveStats ta FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ɗaya yana kira ɗaya yana dannawa. A wasanninmu na gida da yawa babu su. Za a samu kuɗin rumfa da kujerun manyan baƙi da na mai jawabi, amma na yara biyu da za su ƙirga jifa sai a ce babu a kasafi. Ana tashi wani ya ɗauki hoton takardar tebur ya sa a Facebook da WhatsApp, a ce wane ya ci 24, a yi ta jera masa alamar wuta. Wanda ya kamo ribaun goma sha wani abu ya hana dogon abokan hamayya sakat, sunansa yana can ƙasa da 6 a gabansa. Ya koma gida yayansa ya duba waya ya ce yau ma ba ka yi komai ba.

Kada a ɗauka ƙaramar ɓarna ce. Na sha ganin dogon yaro da Allah Ya hore wa tsawo da hannuwa, wanda in ya tsaya ƙarƙashin kwando ba mai shiga, ya baro wurinsa ya fito bayan layin uku yana jifan da bai taɓa koya ba, don kawai lambarsa ta tashi. Na sha ganin mai raba ƙwallo ya hango abokinsa shi kaɗai a kusurwa, ya ɗauke kai, ya kutsa cikin mutum uku, ya sauko a kan ƙafar wani, idon sawu ya gurɗe. Na sha ganin ana komawa tsaro mutum huɗu suna gudu, na biyar yana tafe yana jan ƙafa, don ya san gudun baya ba a rubuta shi. Yaron da ya saba da haka yana 17, da wuya ka raba shi da shi yana 23. Su kuma 'yan kallo suna ta ihu suna zuga shi, wasu kocin ƙananan ƙungiyoyi har kyautar kuɗi suke ba wanda ya fi maki ko da an lallasa su. Me kake koya wa yaro in ka ba shi tukwici ranar da ƙungiyarsa ta sha kashi da ratar 20, saboda ya jefa 30 ya zura 9? Sai wani ya zo daga baya da jaka da katin suna, ya tarar an riga an yi masa shimfiɗa, ya ce ai maki kawai ake dubawa, kowa ya gyaɗa kai don abin da aka saba ji ne.

Ka duba abin da zai faru in ƙanenka ya bi shawarar nan. Wasa biyu ko uku kocinsa zai lura ya daina bin tsari, ya zaunar da shi. Abokan wasansa su daina ba shi ƙwallo, don wanda ba ya mayarwa ba a ba shi. Mintocinsa su ragu, ribaun ɗin da yake kamawa su ragu, makin ma da ake nema ba zai ƙaru ba. Abin da yake da shi ya zube, wanda aka yi masa romon baka a kai bai samu ba.

Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganar dillalin, da shi ake kama mutane. Ƙungiyar da ta kashe kuɗi ta ɗauko baƙo a matsayin mai jifa, lallai maki take so a wurinsa. Amma irin waɗannan suna nan jibge, Amurka kaɗai tana yaye su daga jami'o'i duk shekara. Dogon da zai tsare kwando, ya yi shinge mai kyau, wato ya tare wa abokinsa mai tsaro da jikinsa, ya yi gudu daga wannan kwando zuwa wancan ba haki, ya kama ƙwallo in an cillo masa, shi ne ake nema da fitila. Ben Wallace babu ƙungiyar NBA da ta zaɓe shi lokacin ɗibar sababbin 'yan wasa. Matsakaicin makinsa a duk rayuwar wasansa 5.7 ne, bai ma kai na ƙanenka ba. Sau huɗu yana zama gwarzon mai tsaro, ya ɗauki kofi da Detroit Pistons a 2004, a 2021 aka shigar da shi zauren gwarazan ƙwallon kwando. Marigayi Dikembe Mutombo na Kwango shi ma sau huɗu, makinsa bai kai 10 a matsakaici ba. Dennis Rodman kaka bakwai a jere yana jan ragamar ribaun a NBA, yana da wasannin da bai ci ko maki ɗaya ba amma ya kamo ribaun sama da 20, kofinsa biyar. Draymond Green kuma ranar 10 ga Fabrairun 2017, a Memphis, maki 4 ya ci, amma ya kai goma a ribaun da asis da ƙwace, abin da ba a taɓa gani ba a gasar.

Amma Malam, ba zan yi maka irin daɗin bakin da nake zargin wani da shi ba. Kawo sunan Ben Wallace bai mai da ƙanenka Ben Wallace ba. In maki 6 ɗin nan daga jifa 4 suka fito, da ribaun 10 da bulok 2 cikin minti 24, kuma wanda yake tsarewa ya kwana da takaici, to kana da ɗan wasa a gida. In kuwa daga jifa 12 suka fito, ya yi minti 30 da ribaun 3, ga fawul 4, to akwai aiki ja a gabansa, kuma aikin ba ƙara jifa ba ne. Ka daidaita komai da minti kafin ka kwatanta: ribaun 8 cikin minti 20 sun fi 10 cikin minti 36. Ka kuma tuna wasanmu na dokar FIBA minti 40 ne, na NBA 48, saboda haka maki 15 ɗin da mutumin ya yanka maka ko ma'auni ba su da shi.

Wasa ɗaya kuma ba ya zama hujja. A wasannin ƙarshe na 1994, karo na shida, John Starks na New York ya ci maki 27 a kan Houston Rockets. Saura daƙiƙu, Houston na gaba 86 da 84, ya tashi jifan uku wanda in ya shiga New York ta ɗauki kofi. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya miƙo hannu ya taɓa ƙwallon da yatsu, ta kauce. A takarda bulok ɗaya aka rubuta, daidai da wanda aka yi a zangon farko ba wanda ya tuna da shi. Kwana uku bayan nan, a karo na bakwai, Starks ɗin dai ya jefa 18 ya zura 2, daga bayan layin uku ya jefa 11 babu ko ɗaya. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya, kwando ɗaya. Shi ya sa ba na yarda in yi magana kan ɗan wasa sai na ga aƙalla wasa goma, jifan uku kuwa ko kaka guda wani lokaci ba ta isa.

Sauran guraben ma kowanne da inda yake yaudara, sai dai ba su kai maki ɓarna ba. Mai yawan ƙwace wani lokaci ɗan caca ne, yana barin mutuminsa ya tafi farauta, in ya dace sau biyu an rubuta masa, sau biyar ɗin da aka wuce shi ba a rubuta ba. Mai bin bulok ido rufe yakan bar ribaun a bayansa. Gurbin ƙari-da-ragi, wato ratar makin da aka samu lokacin da ɗan wasa yake fili, yana da amfani in an tara wasanni da yawa, amma a wasa ɗaya ya dogara da waɗanda aka haɗa ka da su. Shinge, da tare mutum da baya don abokinka ya kamo ribaun, da jifan da abokin hamayya ya fasa don ya hango hannunka, babu gurbinsu ko kaɗan. Saboda irin wannan giɓi ne NBA ta kafa kyamarorin bin motsin 'yan wasa a duk filayenta tun 2013.

Batun gyara alƙaluma kuwa, sunansa zamba, kuma zamba ce da ba ta daɗewa. A farkon Maris 1990 Olajuwon ya yi wasa da Golden State, maki 29, ribaun 18, bulok 11, asis 9. Saura asis ɗaya ya kai goma a gurabe huɗu. Mutanen Houston suka sake kallon faifan suka ƙara masa ɗaya, NBA ta duba ta ce ba ta yarda ba, ya tsaya a 9. Bai ƙare watan ba, ranar 29, ya yi abinsa na halak a kan Milwaukee: maki 18, ribaun 16, asis 10, bulok 11. A Maris 2023 Giannis Antetokounmpo, ɗan iyaye 'yan Najeriya, yana da ribaun 9 ana daf da tashi wasa da Washington, sai ya ɗan jefa ƙwallo da gangan ta ƙi shiga ya cafe abarsa don ya cika 10. Washegari NBA ta soke ribaun ɗin, ta ce jifan da babu niyyar zurawa ba jifa ba ne. Mutumin da ya zama gwarzon shekara sau biyu aka ƙwace wa ribaun ɗaya tak. Kai kana ganin ƙungiyar da za ta biya tikitin jirgi da gida da albashi za ta karɓi takardar da wani ya buga a shagon kwamfuta ba ta gwada ta da faifan wasa ba? Ranar da suka ga takarda ta ce 18 faifai ya nuna 6, sunan yaron ne zai ɓaci. Dillalin ya canza layin waya ya nemi wani gidan.

Bidiyon da ya ce zai haɗa, na san irinsa: minti uku na dank, wato tsalle a danna ƙwallo cikin kwando, da kiɗa. Kowa gwani ne a minti uku. Masu farautar 'yan wasa na gaskiya cikakken wasa suke nema, daga tashi har busa ta ƙarshe, biyu ko uku, kuma sun fi son a haɗa da wanda aka cinye ku, don su ga yadda yaro yake in abu ya ɓaci. Wannan ba ya buƙatar dillali. Waya mai caji, da wuri mai ɗan tudu a tsakiyar fili, da mutumin da zai riƙe ta ba ya tsalle in an ci. In mutumin ya dawo, ka tambaye shi lasisinsa. FIBA tana ba dillalai lasisi, sunayensu suna shafinta na intanet, kowa na iya dubawa. Ka tambaye shi 'yan wasan da ya taɓa kaiwa waje, ka nemi ɗaya ka ji daga bakinsa. Dillalin ƙwarai daga kwantiragi yake cin nasa, bayan an sa hannu. A NBA ma kasonsa ba ya wuce kashi 4 cikin ɗari. Kuma babu ɗan wasan da yake komawa ƙungiyar wata ƙasa ba tare da takardar sallama daga hukumar ƙasarsa ba. Wanda ya fara da kawo kuɗi ya riga ya gaya maka sana'arsa.

Maganar makaranta, ni a ganina ka mayar da shi ko da ribaun 20 yake kamawa. Ba sai ya bar ƙwallo ba, da yawa suna haɗawa, gwiwa kuwa ba ta ba da sanarwa kafin ta tafi. Hanyar fita ma yanzu ta gida ta fi kusa: gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka da NBA da FIBA suka fara a Kigali a 2021, ƙungiyoyin Najeriya suna zuwa, Kwara Falcons ta je a 2023, Rivers Hoopers ta zo ta uku a 2024, kuma a can kowane jifa da kowane ɓari a rubuce yake. Ka je ka zauna da kocinsa, kai da shi, ka tambaye shi wane aiki ya ɗora wa yaron kuma yana yin sa ko ba ya yi. Sannan ka gaya wa yaron abin da kocin ya ce, a gaban Hajiya, ya ci abinci.

Ku kuma 'yan'uwana masu horarwa da shugabannin ƙungiyoyi, ku ji tsoron Allah kan yaran nan. Kun fi kowa sanin wanda yake ciyo muku wasa, amma kun bar takardar tebur tana yi muku magana. Ba sai da kwamfuta ba. A kowane benci akwai yara biyu da ba za su shiga ba. Ku ba ɗaya littafi da biro ya riƙa rubuta wa ya jefa, ta shiga ko ta ƙi. Ɗayan ya riƙe ribaun da ɓari. In an tashi ku karanta wa 'yan wasa duka, kafin kowa ya buɗe waya, ku fara da gurbin jifan da ya ƙi shiga. Kai kuma Malam, wasa na gaba ka tafi da naka littafin, ka ƙirga wa mutum biyun nan jifa da ribaun da ɓari da minti har wasa goma, ka turo mini in yi maka lissafin.